Kannywood da 'yan kallon karkara: Ra'ayin wa ake sauraro?

A watan Mayun 2025 ne Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, ƙarƙashin jagorancin Abba El-Mustapha, ta sanar da dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata, bisa hujjar cewa ana sakin su ba tare da an kawo mata ta tace ba. Kafin gari ya waye shafukan Facebook da TikTok sun cika da tsokaci. Wasu sun yaba wa hukumar, suna cewa da ma an daɗe ana sakaci da tarbiyya. Wasu kuma sun ce an taɓa abincin dubban matasa a lokacin da aikin yi ya yi wuya.

Irin wannan muhawara ba a intanet kaɗai ake yin ta ba. A garuruwa irin su Taura da Gujungu da Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa, zancen fim yana daga cikin hirar yau da kullum. Ana yin sa a teburin mai shayi da shagon cajin waya, ana yin sa a tsakar gida bayan an kammala aikin dare. Kowa yana da jarumin da yake so, da wanda ya tsana, da yadda yake ganin ya kamata labari ya ƙare. A da ana ɗaukar wannan a matsayin hirar kashe lokaci. Yanzu kuwa ra'ayin 'yan kallo ya zama abin da ke ɗaga fim ko ya kayar da shi, ya kuma kai ga korar jarumi ko rushe shirin gwamnati. Sai dai ba kowane ra'ayi ne yake isa kunnen masu shirya fina-finai ba, kuma na mutanen karkara yana cikin waɗanda suke tsayawa a hanya.

Lokacin da kasuwar ƙauye take da ƙuri'a

Tarihin fim ɗin Hausa na bidiyo ya faro ne a 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 harkar ta bunƙasa, aka samu fina-finai irin su Sangaya da Wasila waɗanda suka shiga kusan kowane gida mai akwatin bidiyo, aka kafa mujallar Fim a 1999, sannan sunan Kannywood ya fito a shafukan mujallar Tauraruwa.

A wancan zamani, kuɗin fim daga kaset yake fitowa, daga baya kuma faifan CD. Cibiyar cinikin tana Kano, musamman Kasuwar Ƙofar Wambai da yankin Bata. Daga can ƙananan 'yan kasuwa suke saro kaya su bazu kasuwannin mako irin ta Gujungu, wadda take haɗa mutanen Taura da Ringim da Gumel da Haɗeja. Wannan tsari yana da wani amfani da ba kowa ya lura da shi ba a lokacin. Ɗan kasuwar da ya kai kaset ƙauye ya sayar ya ƙare, zai koma Kano ya ce a ƙaro masa irin sa. Wanda ya yi kwantai zai mayar da shi. Ta haka dillalin Ƙofar Wambai, wanda sau da yawa shi ne yake zuba kuɗin shirya fim, yake sanin abin da mutanen karkara suke so. Duk wanda ya sayi kaset ya kaɗa ƙuri'a ke nan, ko da bai taɓa rubuta wasiƙa zuwa wata mujalla ba.

Wannan ne ya raya fina-finan barkwanci da ake kira camama, waɗanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya zama gwarzonsu har zuwa rasuwarsa a watan Disambar 2014. 'Yan boko da masu sharhi sun sha raina camama, suna cewa ba ta da tsari, ba ta da ingancin hoto. Amma a cikinta ne mai kallo na ƙauye yake ganin gidan ƙasa da rumbu da mai unguwa da rigimar gona, yana jin Hausar da ake yi a ƙofar gidansa. Kasuwar karkara ce ta riƙe wannan reshe na masana'antar, kuma masu zuba jari sun san haka.

Yadda lissafin ya sauya

Satar fasaha da yaɗuwar wayoyin zamani sun karya kasuwar faifai a tsakiyar shekarun 2010. Fina-finan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa, waɗanda kamfanoni irin su Algaita suka yi fice a kai, sun ƙara janye masu kallo. Masana'antar ta nemi mafaka a wurare biyu: tashoshin talabijin na tauraron ɗan'adam, musamman Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, inda shirye-shirye irin su Izzar So na Lawan Ahmad suka nuna cewa ana iya sakin fim mako-mako a samu kuɗi.

Yadda YouTube yake biya shi ne ginshiƙin maganar. Kamfanin yana sanya talla a cikin bidiyo, ya ba mai tashar kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar, ya riƙe sauran. Farashin tallar kuma ya danganta da ƙasar da mai kallo yake zaune. Wanda ya kalli fim daga Ingila ko Amurka ko Saudiyya ya fi kawo wa furodusa kuɗi a kan wanda ya kalla daga Najeriya, domin masu talla a can sun fi biya. Ban da haka, manhajar tana ƙirga wanda ya danna alamar so da wanda ya yi tsokaci da tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo, sannan ta tura fim ɗin ga ƙarin mutane gwargwadon wannan ƙirge.

A nan ne mai kallo na Taura yake faɗuwa daga lissafi. Kallon fim na sa'a guda a intanet yana cin data mai yawa, ga shi a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Wannan ya zo ne a kan tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Saboda haka mutane da yawa a karkara ba sa kallo kai-tsaye. Suna zuwa wurin masu tura fina-finai a waya, waɗanda ake samu a kusan kowace kasuwa da tasha, su biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a zuba musu a katin memori. Daga nan fim ɗin ya riƙa yawo daga waya zuwa waya. Mutum ɗaya ya sauke shi daga intanet, mutum ɗari su kalla, amma a idon YouTube kallo ɗaya aka yi.

Sakamakon haka a bayyane yake. Furodusa bai samu ko sisi daga waɗannan masu kallo ba, kuma bai ji abin da suka ce ba. Ra'ayin da yake gani a ƙarƙashin bidiyonsa na masu data ne, galibinsu mazauna birane da ƙasashen waje. Idan ya zauna da marubucinsa za su tsara zango na gaba, waɗannan ne a ransu. Ba abin mamaki ba ne da yawancin manyan shirye-shiryen yau suke gudana a cikin katafaren gidaje da ofisoshin kamfanoni da manyan motoci, ana rigimar gado da kishin matan attajirai. Daɗin Kowa, wanda aka gina a kan rayuwar talakawan wani ƙirƙirarren gari, yana daga cikin 'yan kaɗan da suka fita daban, kuma tashar talabijin ce ta ɗauki nauyinsa.

Ƙarfin da surutu yake da shi

Wanda yake shakkar cewa ra'ayin jama'a yana da tasiri a wannan masana'anta, ya waiwayi shekaru ashirin da suka wuce. A 2007, bayan fitar wani bidiyon sirri na wata jaruma, fushin jama'a ya sa gwamnatin Kano ta dakatar da shirya fina-finai na tsawon watanni, ta kuma naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa. A zamaninsa an ɗaure fitattun 'yan fim, ciki har da Adam A. Zango da Hamisu Lamiɗo Iyantama da shi kansa Ibro, wasu da dama kuma suka kwashe kayan aikinsu suka koma Kaduna.

A 2016 Gwamnatin Tarayya ta bayyana shirin gina alƙaryar fina-finai a Ƙofa, cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji, a kan kuɗi kimanin Naira biliyan 3. Malamai suka yi ca a kan mumbari, masu amfani da Facebook suka ɗauka, ba a je ko'ina ba aka soke shirin. A watan Oktoban wannan shekara ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ. A watan Nuwamban 2020 jarumar ta sake shiga tsaka mai wuya a kan wasu hotuna da ta wallafa, har ta fito ta nemi gafara.

Abin lura a duk waɗannan shi ne, ra'ayin da ya yi tasiri na tsawatarwa ne. Jama'a sun nuna suna iya hana abu, suna iya hukunta mutum. Wannan ba laifi ba ne a karan kansa, domin al'ummar da take kallon fim tare da 'ya'yanta tana da haƙƙin ta ce ga iyakar da ba ta yarda a tsallake ba, kuma damuwar iyaye a kan rawa da waƙa da shigar da ba ta dace ba damuwa ce ta gaske, a birni da ƙauye. Sai dai masana'antar da ba ta jin muryar masu kallo sai ranar da suka fusata, abin da take koya shi ne kaffa-kaffa. Takan guje wa duk labarin da zai jawo magana, ta koma ga wanda ta san ba ya tayar da ƙura.

Dokokin tacewa ma sun bi wannan layi. A watan Satumban 2021, lokacin shugabancin Isma'ila Na'abba Afakallah, hukumar ta haramta fina-finan da suke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, da hujjar cewa matasa suna iya kwaikwayo. Hujjar tana da madafa. Amma kuma waɗannan su ne matsalolin da suke hana mutanen Arewa barci, kuma wasan kwaikwayon Hausa tun asalinsa an san shi da ɗauko cutar da take damun al'umma ya baje ta a faifai don a yi gyara.

Labaran da suke jiran mai ɗauka

Ƙasar Taura ba ta rasa labari ba. Tana cikin Masarautar Ringim, a yankin da Kogin Haɗeja yake ratsawa, inda ambaliya take cinye gonaki da gidaje a shekarun da ruwa ya yi yawa. Manomin da ya ci bashin taki ya shuka shinkafa, ruwa ya tafi da ita, yana da labarin da ya kai na kowane attajirin fim ɗaukar hankali. Haka matashin da yake tafiya cirani Legas ko Fatakwal ya bar amarya, da dillalin dabbobi a Gujungu, da yarinyar da take son ci gaba da karatu bayan sakandare.

A daren 15 ga Oktoban 2024 wata tankar man fetur ta faɗi a Majiya, jama'a suka taru suna kwasar man da ya zube, wuta ta tashi ta hallaka fiye da mutum 150. An yi jana'izar da yawa daga cikinsu a kabari ɗaya. Gidajen rediyo da hukumomi sun daɗe suna gargaɗi a kan kusantar tankar da ta faɗi, amma bayan watanni uku kacal irin wannan masifa ta sake aukuwa a Dikko ta Jihar Neja. Gargaɗin da ake karantawa a sanarwa ba ya zama a zuciya kamar wanda mutum ya gani a jikin jarumin da yake ƙauna. Tun zamanin majigi, lokacin da ake yawo da fina-finai irin su Baban Larai ƙauye-ƙauye don koyar da noman zamani, hukumomi suka fahimci haka. Abin da ya ɓace a yau shi ne hanyar da za ta sa shirya irin wannan labari ya biya wanda ya zuba kuɗinsa.

Akwai masu cewa mutumin karkara ma ba ya son a nuna masa wahalar da ya wuni a ciki, ya fi son ya huta da kallon daula. Akwai gaskiya a ciki. Farin jinin fina-finan Indiya a ƙasar Hausa, wanda masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero suka yi nazari mai zurfi a kai, ya nuna cewa mai kallo yana son a ɗauke shi zuwa wata duniya. Amma shekarun da camama ta yi tana ci a kasuwa sun nuna yana kuma son ya ga kansa. A da yana samun duka biyun. Yanzu ɗaya ya rinjayi ɗaya, kuma ba shi ne ya zaɓi hakan ba.

Jarumi a fim, jarumi a fili

Wani ɓangare na hirar 'yan kallo shi ne labarin wanda ya taɓa ganin jarumi ido da ido. A garuruwan da ba a ɗaukar fim, 'yan Kannywood sukan bayyana ne a lokuta ƙalilan: taron siyasa, ko tallar kayan wani kamfani, ko bikin wani mai hali. Zaɓukan 2015 da 2019 da 2023 sun nuna yadda 'yan siyasa suka gane darajar wannan farin jini, suka riƙa tafiya yaƙin neman zaɓe da jarumai da mawaƙa irin su Dauda Kahutu Rarara. Jama'a sukan yi dafifi, a ɗaga wayoyi, wanda ya samu hoto ya yi ta nunawa har tsawon mako. Ma'ana, mai kallo na karkara yana da amfani a ranar da ake neman taro, ko da ba a tuna da shi a ranar da ake rubuta labari.

Wannan gani na nesa yana haifar da ruɗani iri biyu. Na farko shi ne haɗa mutum da rawar da yake takawa. 'Yan wasan da suka saba fitowa a mugun hali, kamar marigayiya Saratu Giɗaɗo da aka fi sani da Daso, wadda ta rasu a watan Afrilun 2024, sun sha bayyana cewa halinsu na zahiri daban yake da na fim. Na biyu shi ne ɗaukar cewa duk wanda ya fito a talabijin ya yi arziki. A watan Fabrairun 2022 dattijuwa Ladin Cima ta shaida wa shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa cewa abin da ake ba ta a fim sau da yawa bai wuce 'yan dubban Naira ba. Wasu daraktoci sun musanta, suka ce sun biya ta fiye da haka. Ko ma wane ne ya fi gaskiya, cece-kucen ya buɗe wa masu kallo ido cewa a bayan 'yan tsirarun da suke hawa manyan motoci akwai ɗaruruwan da suke neman na cefane. Matashin da yake shirin barin gida ya nufi Titin Gidan Zoo a Kano, inda ofisoshin 'yan fim suka fi yawa, ya kamata ya san wannan kafin ya hau mota.

Ina mafita?

Masana'antar ba ta taɓa samun kusanci da gwamnati kamar yanzu ba. A watan Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos. Shugaban hukumar tacewa ta Kano shi ma ɗan fim ne. A ƙarshen 2024 fim ɗin Hausa, Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura, shi ne Najeriya ta miƙa a gasar Oscar. Duk da bai kai zagayen ƙarshe ba, ya nuna cewa labarin da aka ɗauko daga ƙasar Hausa yana iya wakiltar ƙasa baki ɗaya.

Abin da ya rage shi ne a dawo da mai kallo na karkara cikin lissafi, kuma hanya mafi kusa ita ce ta masu tura fina-finai a waya. An daɗe ana kallon su a matsayin ɓarayin fasaha, ana kama su ana saki, sana'ar kuma ba ta mutu ba, domin buƙatar da ta haife ta tana nan. Su ne suka gaji gurbin ƙananan 'yan kasuwar kaset. Idan ƙungiyoyin 'yan fim suka yi musu rajista, aka yanka wani kaso da za su riƙa biya a kan kowane sabon fim, furodusa zai samu kuɗin da yake asara, ya kuma samu labarin abin da ake nema a Gujungu da Sara da Maigatari. Tsarin ba zai zo da sauƙi ba, domin bin diddigin dubban shaguna aiki ne babba, kuma idan farashin ya yi tsada mutane za su koma tura wa juna kyauta. Amma ya fi halin da ake ciki, inda kowa yake asara.

Jihar Jigawa ma tana da rawar da za ta taka. Galibin fina-finan da mutanenta suke kallo a Kano ake shirya su, a can ake tace su. Gidajen rediyo da talabijin na Dutse suna iya buɗe filayen sharhin fina-finai da masu sauraro za su riƙa bugo waya, ta yadda hirar teburin mai shayi za ta zama abin da 'yan fim za su ji. Ma'aikatun noma da lafiya da hukumar agajin gaggawa, waɗanda suke kashe kuɗi a kan faɗakarwa, suna iya ɗaukar nauyin shirye-shiryen da za a ɗauka a garuruwan jihar da matasanta. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa suna iya gudanar da binciken da zai nuna mene ne ake kallo a karkara, kuma ta wace hanya, domin masu zuba jari da alƙaluma suke aiki.

Su kansu masu kallo akwai abin da ya rataya a wuyansu. Wanda yake da hali ya kalli fim a tashar mai shi, ko da sau ɗaya ne a mako, ya taimaka wa waɗanda suka sha wahalar shirya shi. Wanda kuma yake da bakin magana a intanet, ya dace ya riƙa faɗin abin da yake so a nuna masa, kamar yadda yake faɗin abin da ba ya so. Masana'antar ta riga ta nuna cewa tana jin tsawa. Idan aka samar da hanyar da buƙatar mutanen Taura da makamantansu za ta riƙa isa gare ta tare da kuɗinsu, babu dalilin da zai hana ta amsawa.